'Yata ta fara jin kunyar harshenmu, shin zai taɓa karatunta?

Tambaya: 'Yata tana da shekara takwas, tana aji uku. Tun bara ta daina amsa mana da harshenmu na gida. In na yi mata magana da shi tana ji sarai, amma sai ta mayar mini da harshen makaranta. Kwanan nan ta ce mini wai harshenmu na tsofaffi ne da waɗanda ba su yi karatu ba. Sakamakonta yana da kyau, shi ya sa mahaifinta ya ce a ƙyale ta. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Shin yadda yaro ke kallon harshen uwarsa yana da alaƙa da ƙoƙarinsa a makaranta?

Amsa: 'Yar'uwa, kina da hujjar damuwa. Alaƙa tana nan, sai dai ba ta ɓullowa da wuri, shi ya sa iyaye da yawa ba sa ganinta sai tafiya ta yi nisa. Son harshe shi kaɗai ba ya ƙara wa yaro maki, kuma ranar da ya fara jin kunyarsa ba a rage masa ko ɗaya. Aikin kunya shi ne ta rufe masa baki. Harshen da yaro ya daina magana da shi kuwa yakan tsaya a inda ya bar shi: jiki ya girma, hankali ya girma, amma harshen gida yana nan irin na ɗan shekara shida. Daga nan ne abin yake rarrafowa sannu a hankali ya taɓa karatu. Na yi shekaru ina horar da malaman firamare, ina zama a bayan aji ina kallon yara, kuma cikin matsalolin da na gani babu wadda ake ganewa a makare kamar wannan.

Mu fara da maganar da ta faɗa miki, domin ruwa ba ya tsami banza. Yarinya 'yar shekara takwas ba ta zama ta ƙirƙiro cewa wani harshe na marasa ilimi ne. Ko dai ta ji an faɗa, ko ta lura da wanda ake girmamawa in ya yi magana da wanda ake yi wa dariya. Asalin yaro son harshen da ya saba ji ne. A shekarar 2007 Katherine Kinzler da abokan aikinta sun nuna cewa jarirai 'yan wata biyar zuwa shida sun fi tsayar da ido a kan mutumin da ya yi magana da harshen da suke ji a gida, 'yan shekara biyar kuma sun fi zaɓen mai irin lafazinsu a matsayin aboki. Amma da suka maimaita irin wannan gwaji a Afirka ta Kudu, sai suka tarar da yara 'yan ƙabilar Xhosa masu karatu da Ingilishi suna fifita mai magana da Ingilishi a kan mai magana da harshensu. Ke nan tun suna ƙanana yara suna auna wane harshe ne mai daraja a idon jama'a, kuma wannan awo yana iya danne soyayyar da suka taso da ita.

Manya ma ba su tsira ba. A 1960 Wallace Lambert ya yi wani gwaji a birnin Montreal na ƙasar Kanada wanda har yau ake koyar da shi. Ya ɗauki muryoyin mutanen da suka iya Faransanci da Ingilishi, kowanne ya karanta rubutu ɗaya da harsunan biyu, sannan ya sa ɗalibai suka saurara ba tare da sanin cewa mutum ɗaya suke ji sau biyu ba. Masu sauraro suka ce mai Ingilishin ya fi basira, har ma suka ce ya fi tsawo. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ɗalibai masu Faransanci su ma haka suka yanke hukunci a kan harshensu. Mutum yakan haɗiye raini da aka yi wa harshensa har ya koma yana raina kansa da bakinsa.

Makaranta tana da tsohon hannu a cikin wannan. A ƙarni na 19 a yankin Wales na Birtaniya, wasu makarantu suna rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshensu wani ɗan katako a wuya, shi kuma ya sa kunne ya kama wani ya miƙa masa, wanda katakon ya kwana a wuyansa a ƙarshen yini shi ke shan hukunci. An yi irin wannan a makarantun Faransa da na ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, an yi a tsibirin Okinawa na Japan. Ko inda katakon ya tafi a yau, rubuta sunan wanda ya yi harshen gida a aji, da cin tara, da dariyar 'yan aji, duk aikinsu ɗaya ne. Na taɓa zama a wani aji na ga malama ta yi tambaya a kan dalilin da ya sa inuwa ke tsawo da yamma. Wani yaro ya ɗaga hannu da zumuɗi, ya fara bayani daidai, sai kalma ta ƙwace masa ya cike da harshen gida. Aka fashe da dariya, malama ta ce ya zauna sai ya iya magana. Na koma ajin sau uku bayan haka, ban sake ganin hannun yaron nan a sama ba. Ya san amsa, amma ya koyi cewa shiru ya fi masa aminci, kuma yaron da ya daina tambaya da amsawa ya rasa rabin abin da ake zuwa makaranta dominsa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kin ce sakamakonta yana da kyau, na kuma yarda. Amma a aji uku, abin da ake gwadawa yawanci bai wuce karanta gajerun jimloli, da haddar amsa, da lissafin da babu doguwar magana a cikinsa ba. Jim Cummins, wanda ya yi nazarin yaran baƙin haure a Kanada, ya rarrabe iya harshe gida biyu. Akwai harshen hira da wasa, wanda yaro kan kama cikin kimanin shekara biyu har ka rantse da shi aka haife shi. Akwai kuma harshen ilimi, wato na bayanin dalili, da kwatanta abu biyu, da fahimtar dogon rubutu, da kare ra'ayi a rubuce. Wannan yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai kafin yaro ya kamo waɗanda suka tashi da harshen. Santsin bakin yaro yana yaudarar iyaye da malamai, su ɗauka an gama, alhali an fara ne kawai. Daga aji huɗu zuwa sama karatu yana sauya kama. Da ana koya wa yaro yadda zai karanta, yanzu kuma ana so ya karanta ya ciro ilimi da kansa. A nan ne ake ganin wanda yake da tushe da wanda bai da shi.

To a cikin waɗannan shekaru biyar zuwa bakwai, da wane harshe yaro zai ci gaba da tunani mai zurfi? Da wanda ya riga ya mallaka. Cummins ya bayyana a 1979 cewa harsunan yaro biyu ba rumbuna biyu ba ne da in an zuba a ɗaya ɗayan ya ragu, ƙasansu haɗe yake. Yaron da ya gane ma'anar rabi da kwata da harshen gida ba sai an sake koya masa ma'anar ba, suna kawai zai koya. Wanda ya saba ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, ya iya cewa "da a ce kaza ya faru, da kaza ya biyo baya", ya iya kawo hujja in an musa masa, zai kwashi wannan duka ya kai harshen makaranta. Haka ma karatu: sau ɗaya ake gane cewa baƙi yana wakiltar sauti kuma rubutu magana ce da aka ajiye. Idan yaro ya jefar da harshen gida yana ɗan shekara bakwai, ya ajiye kayan aikin da ya fi ƙwarewa da shi tun wanda zai maye gurbinsa bai ƙosa ba. Wasu yaran sukan yi biyu babu na 'yan shekaru: na gida ya tsaya, na makaranta bai nuna ba.

Hujjojin da suka fi ƙarfi sun zo ne daga wuraren da aka gwada koyarwa da harshen uwa. Tun 1953 hukumar UNESCO ta fitar da rahoton da ya ce harshen uwa shi ne mafi dacewa a fara koyar da yaro da shi, amma a 2016 hukumar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya ba sa samun karatu da harshen da suke ji. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa na Jami'ar Ife ya jagoranci gwajin da aka koyar da yara dukkan darussan firamare na shekara shida da Yarabanci, Ingilishi kuma aka koyar da shi a matsayin darasi. Yaran sun fi takwarorinsu a darussa, kuma ba su gaza su a Ingilishi ba. Masu suka sun ce an tanadar musu littattafai da malamai na musamman, kuma gaskiya ne hakan ya taimaka. Amma a 2016 Stephen Taylor da Marisa von Fintel sun bi bayanan makarantun Afirka ta Kudu na yau da kullum, suka gano cewa yaran da aka koyar da harshen gida daga aji ɗaya zuwa uku sun fi iya Ingilishi a aji huɗu zuwa shida. Wayne Thomas da Virginia Collier ma, da suka bi sakamakon ɗimbin ɗalibai a Amurka, sun ce babu abin da ya fi nuna yadda yaro zai yi a harshe na biyu kamar yawan shekarun da ya yi yana karatu da harshensa na farko.

Za ki ce waɗannan duk a kan harshen koyarwa suke, ke kuwa kan abin da ke zuciyar yarinya kika yi tambaya. Haka ne, kuma akwai waɗanda suka duba zuciyar. A 1995 Stephen Wright da Donald Taylor sun auna yadda yaran ƙabilar Inuit na arewacin Kanada ke ganin ƙimar kansu a shekararsu ta farko a makaranta. Waɗanda aka koyar da harshensu sun ƙare shekarar suna ganin kansu da daraja fiye da yadda suka shiga, waɗanda aka koyar da Ingilishi ko Faransanci kuwa ba a ga wannan ƙaruwar a wurinsu ba. A Amurka kuma, Alejandro Portes da Rubén Rumbaut sun fara bin 'ya'yan baƙin haure sama da 5,000 a yankunan San Diego da Miami daga 1992. Mafi yawan yaran sun ce sun fi son Ingilishi. Amma waɗanda suka riƙe harsunan biyu da ƙwari su ne suka fi yarda da kansu, suka fi dogon buri a karatu, kuma saɓaninsu da iyaye ya fi ƙaranci.

A nan sai na yi wa mahaifinta adalci, domin maganarsa ba ta rasa tushe ba. Irin wannan bincike yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, bai isa ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Gidan da ake riƙe harshe sau da yawa gida ne da ake zama da yara ana hira, kuma hirar kanta tana gina karatu. Akwai kuma yaran da suka watsar da harshen gida suka yi zarra a makaranta har ƙarshe, musamman inda iyayen suka ƙware a harshen makaranta kamar nasu, gida cike da littattafai. Saboda haka ba zan ce miki lallai makinta zai faɗi ba. Tambayar da nake so ku yi wa kanku ke da shi ita ce: da wane harshe kuka fi iya bayyana abin da ke ranku? Da wanne kike iya yi mata nasiha har ta ratsa ta, ki ba ta labarin kakanninta, ki warware mata abin da ya ɗaure mata kai? Idan amsar harshen gida ce, to duk ranar da ta ƙara nisa da shi, ta ƙara nisa da mafi kyawun abin da kuke da shi na ba ta. Lily Wong Fillmore ta rubuta a kan wannan a 1991 bayan an zanta da iyalai sama da 1,000 a Amurka: inda yara suka rasa harshen gida da wuri, magana tsakaninsu da iyaye takan ƙanƙance ta koma umarni da gajerun amsoshi. Zo nan, tafi can, kin yi aikin gida? Wannan ba ya ciwo sosai tana shekara takwas. Yana ciwo tana sha huɗu, lokacin da take buƙatar wanda za ta buɗe wa ciki, ke kuma kike buƙatar kalmomin da za su isa gare ta.

In kuma tsoronsa shi ne harshe biyu zai rikita ta, wannan tsohon zance ne da aka daɗe da rushewa. A 1962 Elizabeth Peal da Lambert sun gwada yara 'yan shekara goma a Montreal, masu harshe biyu suka fi masu ɗaya a gwaje-gwajen basira. Har yau masana suna jayayya kan ko harshe biyu yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa da kuma gwargwadon ƙarin, amma babu jayayya kan cewa ba ya cutarwa. Lambert ya bambanta yaron da ya ƙara harshe a kan nasa da yaron da sabon harshe ya ture masa na farko. Na farkon ne ke cin riba. Ba wanda ya ce a rage mata harshen makaranta, tana buƙatarsa ƙwarai, kuma makaranta da abokai da talabijin suna ba ta shi sa'o'i masu yawa kullum. Na gida ne ba shi da mai ba ta sai ku.

Abin yi na farko shi ne kada ki mayar da abin faɗa. Tilas da gori da hana ta abu sai ta amsa da harshenku za su haɗa harshen da ɓacin rai a zuciyarta, ga kunya ga haushi. Kada kuma a bari kowa ya yi mata dariya in ta gwada ta karkace, domin yara da yawa dariyar 'yan'uwa ce ta rufe musu baki, ba ta makaranta ba. Ki ci gaba da yi mata magana da harshenku ko da ta amsa da wani. Tunda tana ji sarai, harshen yana raye a cikinta, kuma mai ji yana saurin komawa magana in ya sami dalili. In ta amsa da harshen makaranta, ki maimaita abin da ta faɗa da naku cikin ruwan sanyi kamar mai tabbatarwa, sannan ki ci gaba da hirar. In ta gauraya harsunan biyu a jimla ɗaya, ki bar ta, masu harshe biyu ko'ina haka suke yi.

Mahaifinta kuwa sai kin jawo shi cikin lamarin, don ba ƙaramin tasiri gare shi ba. A 2007 Annick De Houwer ta duba iyalai kusan 1,900 a yankin Flanders na Beljiyam da ake magana da wani harshe a gida ban da na gari. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na iyalan, yaransu ba sa magana da harshen gidan. Inda aka fi samun nasara shi ne inda uwa da uba duka suke amfani da shi. Yarinya tana lura. In ta ga mahaifinta yana sauya harshe duk lokacin da magana ta zama mai muhimmanci, ko in baƙo mai daraja ya shigo, ta gama karanta darasin ba tare da an ce mata komai ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi ba muhimmanci. Ta ce harshenku na waɗanda ba su yi karatu ba ne, to gardama ba za ta goge wannan ba, sai ta ga akasinsa da idonta. Ki fitar da harshen daga aike da tsawa ki kai shi inda ilimi yake. In ta dawo daga makaranta, ki ce ta koya miki abin da aka koya musu, da harshenku, ke ce ɗaliba. Za ta yi tuntuɓe, za ta rasa kalmomi, ku nemo su tare, in babu ku ari ta makaranta ku wuce. Yaron da ya iya juya darasi zuwa wani harshe ya gane shi, wanda ya haddace kawai ba zai iya ba. Ki koya mata karanta harshenku da rubuta shi, ko da minti goma ne a rana. Tunda ta riga ta iya haɗa baƙi, ba zai ɗauke ta dogon lokaci ba, kuma yaro yana ganin harshe da wata daraja ta daban ranar da ya gan shi a cikin littafi. In kin san likita ko injiniya ko malamin jami'a mai magana da harshenku da alfahari, ki sa ta ji shi yana bayanin aikinsa da shi. Ki nema mata tsararraki masu yin harshen, domin a shekarunta abin da sa'o'inta ke yi ya fara fin abin da iyaye ke faɗa nauyi.

Ki kuma tambaye ta a hankali, ba a matsayin tuhuma ba, a ina ta ji waccan maganar. In daga aji ta fito, ki je ki ga malamarta cikin mutunci. Malamai da yawa suna hana harshen gida ne da kyakkyawar niyya, haka aka koya musu, kuma na ga da yawa sun sauya da aka nuna musu cewa barin yaro ya fara faɗin amsa da harshensa, sannan a taimaka masa ya maimaita da na makaranta, yana ƙara masa harshen makarantar ne. Abin da za ki roƙa kaɗan ne: kada a hukunta yaro ko a bari a yi masa dariya don harshensa ya kuɓuce masa.

Game da karatun kuma, daga yanzu zuwa aji shida kada ki tsaya ga jimillar maki. Ki duba yadda take yi a lissafin da aka rubuta da jimloli, da tambayoyin fahimtar labari, da rubutun da ake so ta tsara da kanta. Lokaci-lokaci ki sa ta karanta shafi ɗaya, ki rufe littafin, ki ce ta gaya miki abin da ya faru da dalilinsa, da duk harshen da ta ga dama. In ta iya da kalmominta, tushenta yana nan. In kuwa jimlolin littafin take maido miki ɗaya bayan ɗaya, ko ta yi shiru da kika tambayi dalili, to a nan za ku fara aiki, kuma ku fara da harshen da ta fi ji a bakinki.